Lambar da Ta Rasa Ƙugiya

Shekara tara Alhaji Mutala na Salaga yana zuwa sunan 'ya'yan mutane, yana cin goron mutane, yana cewa "Allah ya raya" da murmushin da shi kansa ya gaji da shi. A ta goma matarsa Azara ta haifi 'ya mace a gidan iyayenta a Bawku, aka sa mata Firdaus, kuma tun ranar hankalin Alhaji bai koma mazauninsa ba. Dillalin doya ne, jikan fataken goro, mutumin da a da ba ka ganin haƙoransa sai lori ta tashi da kaya lafiya. Yanzu kuwa an gan shi yana yi wa akuyar maƙwabta ina kwana.

Albishir ɗin ta waya ya zo masa, saƙon murya daga surukarsa Hajiya Mudassira, tana ihu tana shaida masa an samu ƙaruwa. Bai goge saƙon ba. Ya kunna wa masu lodin doya, ya kunna wa ladan, ya kunna wa wani baƙo da ya tsaya tambayar hanyar Kpandai.

Kalmar kuwa ta gidansu ce. Kakansa in ya ɗaure huhun goro zai aika arewa, yakan rubuta ƙaruwa da ajami a jiki don neman albarka. Saboda haka da Mutala ya ƙudurta saya wa Azara mota tukuicin haihuwa, ya kuma ji cewa mai hali yana iya zaɓar abin da za a rubuta masa a lamba, bai yi dogon tunani ba. Dama a kwanakin nan ba ya yin kowane irin tunani. Ya je Tamale, ya cika takarda da hannunsa, aka buga masa abin da ya rubuta, ba ƙari ba ragi. Ya kawo motar gida ya lulluɓe da tamfol, sai ranar da Azara ta yi arba'in, ranar da zai je ɗauko ta.

Ran nan da sassafe ya tara shaidu biyu a ƙofar gida: yayarsa Taslima da kofin koko a hannu, da taubashinsa Malam Fadlullah, tsohon hedimasta da ritaya ta bar shi da lokaci mai yawa da baki mai kaifi. Mutala ya fizge tamfol kamar mai buɗe sabuwar gada.

Fara ce, ƙarama, tana sheƙi. Gaba da baya an rubuta KARUWA 1-24.

"Malam, karanta," in ji Mutala.

Fadlullah ya karanta a zuci. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa ko laifin gilashi ne. Ba laifin gilashi ba ne.

"Kai dai karanta mana, tun da kai ne mai abu."

"Ƙaruwa!" Harafin farko ya fito daga can ƙasan maƙogwaron Mutala, ƙas, kamar an ɓantari ɗanyen goro, irin na tsofaffin gidajen Salaga da har yau suke alfaharin ba su yar da Hausar kakanninsu a hanya ba.

"Madalla. To ina ƙugiyar?"

"Wace ƙugiya? Bawku za mu, ba kamun kifi ba."

Fadlullah ya tsuguna ya zana haruffa biyu a ƙasa da tsinke, ɗaya da 'yar lanƙwasa a ka, ɗaya kai ba komai. Makarantar da Mutala ya yi ta Turanci ce, Hausa kuwa a nono ya sha ta, bai taɓa ganin ta a takarda ba in ba ajamin kakansa ba.

"Wannan mai hula ita ce ta bakinka," in ji Fadlullah. "Wannan marar hula ita ce ta motarka."

"Ku bar zane-zanen nan," in ji Taslima, wadda ba ta yi boko ba. "A gaya mini abin da aka rubuta."

Fadlullah ya gaya mata yadda aka rubuta, da sautinsa da komai. Kofin koko ya yi ƙasa.

"Innalillahi! Mutala! Matar da ta yi shekara tara tana shan jiƙe-jiƙe saboda gidan nan, yau ka saya mata mota ka rubuta mata wannan? Gaba da baya?"

"Yaya, ƙaruwa na rubuta. Kalmar Kaka ce."

"Kaka da ajami ya rubuta," in ji Fadlullah, "ajami kuwa kowanne da harafinsa. Injin buga lamba bai yi makarantar allo ba."

"Allah ai zuciya yake dubawa."

"Haka ne. Mutanen Bawku kuwa lamba za su duba."

Mutala bai karaya ba, don mai sabuwar 'ya ba ya jin magana da kunnen sauran mutane. Ya ce zagi sai da mai zagi, wannan kuwa ƙarfe ne, ba shi da baki. Ya ce duk wanda ya karanta da mugun nufi, a bakinsa zagin yake, shi ya sani da Allahnsa. Ya ce ma rabin mutanen zangon Ghana ba su da wannan ƙ ɗin a baki, kofa suke cewa, kasa, karfe, kuma ba wanda ya taɓa mutuwa.

"Shi ne ai," in ji Fadlullah. "In sun zo kan wannan ba su da wurin ɓuya."

Taslima ta ɗauki kofinta ta karkaɗe. Muryarta ta sauka, abin da ya fi ihunta ban tsoro.

"Ka san zango. Suna in ya kama mutum ba ya sakinsa sai kabari. Shekara tara ana kiran yarinyar nan juya a bayan idonta, tana ji tana yi kamar ba ta ji ba. Yanzu ta samu ta sauke wancan, za ka ɗora mata wani. Kuma ka san Hajiya Mudassira. Sau biyu tana aiko mana a ba ta 'yarta. In ta ga wannan, wallahi a Bawku za a yaye Firdaus."

Wannan ya ɗan taɓa shi. Amma barin motar a gida ba zai yiwu ba. Ya riga ya gaya wa Hajiya cewa mota na zuwa mai suna a jikin lamba, Hajiya ta gaya wa unguwa, unguwa ta ɗora tukunya. Ya buɗe ƙofa ya shiga. Sai ya tarar Fadlullah ya riga shi, har ya ɗaura bel.

"Kai kuma ina za ka?"

"Bawku. Akwai abin da ba na so a ba ni labari."

Suka kama hanyar Bimbilla. Damina ce, gonakin doya sun yi kore shar har bakin titi. Motar tana da wata dabara: wayar Mutala ta haɗu da rediyonta, da an tada inji sai saƙon Hajiya ya fara da kansa. Mutala ya ɗauki wannan a matsayin karama. Ya ƙure murya, yana bin surukarsa kalma da kalma, yana buga sitiyari kamar kalangu. A karo na uku Fadlullah ya karkata kunne.

"Sake kunna mini."

Aka sake. Ya yi murmushin wanda ya tsinci abu a hanya ya sa a aljihu.

A Bimbilla wani direban lorin doya ya bi su da oda tun daga kasuwa har bayan gari. Masu babur biyu suka zo daidai taga, suka sara wa Mutala, suka wuce suna tangaɗi don dariya. Mutala ya ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

"Ka gani? Jama'a na son abu mai kyau."

A shingen 'yan sanda, wani kofur mutumin kudu, wanda ba ya jin Hausa ko ta sayen koko, ya leƙa lambar ya ce da Turanci suna ne mai daɗi, ko sunan 'yarsa ne?

"Ƙuri'a ɗaya," in ji Mutala bayan sun wuce.

"Daga mutumin da bai san abin da ya zaɓa ba. Haka aka saba."

Da hantsi ya yi sosai suka shiga Yendi, suka tsaya cin tuwo a wata rumfa kusa da tasha. Kafin Mutala ya wanke hannu motar ta tara mutane. A ƙasar da ake rubuta wa kowace lori karin magana a goshi, karanta jikin mota sana'a ce ta marasa sana'a, kuma Yendi ba ta rasa ƙwararru ba. Fadlullah, don taimako, ya miƙe ya bayyana wa taron matsalar tun daga kan Kaka, ya ce a yi hukunci.

Wani mahauci da tsire a faranti ya fara. "Ni ban ga laifi ba. Mota ai dama haka take, duk mai makulli nata ne. Ba a yi mata ƙazafi ba."

Wani tsohon malami, wanda kowa ke kira Afa, ya gyara zama a benci. Ya ce wanda ya jefi tsuntsu dutsen ya fasa kan mutum, ba a rubuta masa zunubin ganganci. Mutala ya fara gyaɗa kai da ƙarfi. Afa ya ƙara da cewa amma shi zai sayi bandeji.

"Mu nan ma'ana ɗaya muka sani," in ji wani kwandasta, "kuma ba ta haihuwa ba ce."

Mutala ya taso masa. "Jahilcinku ne! Laifina ne in ba ku iya Hausa ba?"

"Alhaji, mun iya ta daidai abin da ka rubuta."

Mai tuwon, wata doguwar mace da ake kira Mma Shakira, ta dangwarar da kwano a gaban Mutala.

"Duk ku maza ne, shi ya sa abin ke ba ku dariya. In namiji ke tuƙi, wasa ne. In mace ce a ciki, suna ne. Miya kuka ko kuɓewa?"

Ba wanda ya amsa mata ta farkon. Mutala ya ce kuka.

Sai ga Zakir mai fenti, wanda rabin karin maganar lorin Yendi daga hannunsa ta fito. Ya zagaya motar sau biyu yana taɓa gemu.

"Alhaji, motar nan ya yi kyau, sunan shi ne ya yi zafi. Ka ba ni minti biyu in sa mishi kugiya."

"Ka taɓa lambar gwamnati da fenti," in ji Fadlullah, "shinge na gaba a can za mu yi arba'in ɗinmu mu ma."

Zakir ya ce to ba sai an taɓa lamba ba. Ai akwai fili a samanta. A ƙara magana da za ta nuna wa mai karatu hanya. Me ake cewa in an yi haihuwa? Ya ɗauko alli don gwaji, ya rubuta a saman lambar baya da kyakkyawan hannu: AN SAMU.

Mutala ya ja da baya yana murna. Kwandastan ya karanta da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa. Mahauci ya zauna a ƙasa da farantinsa.

"Goge! Goge!" in ji Mutala.

Zakir ya goge da gwiwar hannu, ya rubuta ALLAH YA ƘARO, da ƙugiyarsa da komai. Afa ya yi salati, ya tashi ya koma ɗaya ƙarshen bencin, ya juya wa motar baya.

"Na gano!" in ji Zakir. "A ƙaryata kawai." Ya rubuta BA a hagun lambar, BA CE a damanta.

Kowa ya shiga haɗawa. Mma Shakira ce ta fara fashewa, ludayi a hannu.

"Alhaji," in ji Fadlullah a hankali, "wa ya tambaye ka?"

Suka bar Yendi da bayan mota a goge. Mutala bai buga sitiyari ba. Saƙon Hajiya ya fara, ya rage murya. Maganar mai tuwo ce ta tsaya masa a wuya fiye da tuwon. Ya hango Azara ta faka a bakin asibitin Salaga ranar awon jarirai, mata na zaune a layi, ɗaya ta zunguri ɗaya.

"Malam, mu koma?"

"Ka koma ka ce wa Hajiya me? An yi shinkafa."

Bayan Gushegu hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, hanya ta zama kunu. Suka yi ta kutsawa cikin jar laka, lori na wuce su tana watsa musu rabonsu. Da suka tsaya salla a Nakpanduri, Mutala ya zagaya bayan mota neman buta, sai ya yi ƙara. Fadlullah ya zo da gudu, yana zaton maciji.

Laka ta rufe lambar ruf. Suka duba ta gaba, ita ma haka. Ko harafi ɗaya ba ya leƙowa.

"Allahu Akbar!" Mutala ya rungume taubashinsa ya ɗaga shi sama. "Ka ga ikon Allah? Ka ga niyya? Na gaya maka zuciya yake dubawa!"

"Ya rufa maka asiri da taɓo. Sauke ni."

Alhaji Mutala, mai shekara arba'in da huɗu, ya taka rawa a bakin titi cikin yayyafi, babbar riga a naɗe a kafaɗa. Shirinsa ya fito sarai: a kwana a Bawku ba a wanke mota, gobe a ɗauko Azara, jibi Tamale a canza lamba. Suka gangara dutsen Nakpanduri yana rera waƙar da ba ta da kalma sai Firdaus.

Bayan la'asar suka shiga unguwar su Hajiya. Mata sun cika ƙofar gida, aka rangaɗa guɗa tun kafin ya kashe inji. Mutala ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna gaban surukarsa, ido a ƙasa. Hajiya Mudassira 'yar kasuwar albasa ce, gajera, mai faɗin kafaɗa, wadda ta koyi karatun boko da girmanta don kada direbobi su cuce ta a takardar kaya. Ta amsa gaisuwa a taƙaice, idonta na kan motar.

"Sannunku da hanya. To ina sunan?"

"Hajiya, laka ce. Gobe in Allah ya kai mu..."

"Gobe? Mutanen nan tun azahar suke zaune."

Ta ɗauki buta da kanta. Mutala ya dubi Fadlullah. Fadlullah ya gyara tabarau ya matsa gaba don ya samu wuri mai kyau.

Ta fara zubawa daga dama. Lambobi suka fito. Sai A, sai W, sai U, sai R. Ruwan butar ya ƙare.

"Ru-wa," Hajiya ta karanta. "Ruwa? Ruwa ka sa wa mota?"

"I, Hajiya!" in ji Mutala, murya na rawa don murna. "Ruwa! Ruwa ai shi ne rai. A bar shi haka, ya isa."

"Akwai saura a nan. A ƙaro mini buta."

Aka ƙaro. Ba a taɓa rasa mai kawo buta a irin wannan lokaci.

Hajiya ta karanta da leɓe, ba sauti. Ta sake. Matan da suka yi boko suka raɗa wa waɗanda ba su yi ba, raɗar ta zagaya kamar wutar kara. Wata ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"Ta ɗaya," in ji Hajiya, yatsa a kan lambar. "Ashe har da ta biyu."

"Hajiya, ƙaruwa ce. Ƙa. Ƙa. Ƙugiya ce babu."

"Kana yi mini kukan hankaka a ƙofar gida? Shekara tara na ba ka 'ya, ta zauna, ta yi haƙuri, ba wanda ya taɓa jin kanta. Yau a gaban unguwa ka kawo mini wannan?" Ta juya ga matan. "A mayar da akwatunan ciki. Azara ba ta zuwa ko'ina."

A daidai nan Azara ta fito daga zaure, Firdaus a kafaɗa, lalle a hannu har wuyan hannu. Ta yi ƙiba, ta yi haske. Mutala ya manta da lamba na ɗan lokaci, ya washe baki kamar wawa. Ita kuwa ta dubi motar, ta dubi lambar, ta daɗe a kai. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba.

Fadlullah ya zare makullin daga hannun Mutala ya miƙa mata.

"Maijego, ko ba za ki ba, ai taki ce. Ki ji kukan injin dai."

Ya buɗe mata ƙofa, ya buɗe sauran ukun ma, wai iska ta shiga, ya miƙa hannu ya murɗa wani abu a jikin rediyo. Azara ta zauna ta tada mota.

Muryar Hajiya Mudassira ta cika unguwa, da harshenta na Bawku da bai taɓa sanin ƙugiya ba.

"Alhaji! Alhaji! An samu karuwa! Allah ya kawo mana karuwa har cikin gida! Shekara tara muna roko! Duk unguwa su zo su ga karuwa a gidan Hajiya Mudassira! Ka zo da sauri!"

Saƙon ya ƙare, ya sake farawa.

Wata tsohuwa ce ta fara faɗuwa kan tabarma. Daga nan ba wanda ya iya riƙe kansa. Mata suka riƙe juna, ɗankwali na zamewa, wata na buga bango da tafi tana cewa a kashe, a kashe, cikinta. Mai kawo buta ta zauna a cikin ruwan da aka zubar. Firdaus ta farka ta sa nata kukan a ciki.

"Ni ba haka nake nufi ba!" Hajiya ta yi ihu. "Kowa ya san abin da nake nufi!"

Mutala, a tsugune, ido a ƙasa, cikin ladabin da ya dace da suruki, ya ce, "Ni ma, Hajiya."

Hajiya ta ajiye buta. Ta dubi Fadlullah, wanda ke nazarin sararin sama. Sai wani abu ya kufce mata ta hanci, ta juya baya, kafaɗunta suka fara rawa.

Azara ta kashe mota. Ta jira dariyar ta lafa, tana jijjiga 'yarta.

"Kun gama? To Alhaji, na ji ba ka nufa ba, Mma ma ba ta nufa ba. Amma ran da na tuƙa motar nan zuwa awo a Salaga, Mma ba ta ciki da za ta yi bayani, kai ma ba ka ciki. Kuma ko ka canza lamba gobe, Yendi ta gani, Bimbilla ta gani, nan ma an gani. Labari zai riga mu isa gida. Na ɗauki suna ɗaya shekara tara. Ba zan ɗauki na biyu ba."

Mutala ya ga akwatuna a bakin zaure, ba a shigar ba, ba a fitar ba. Ya tuna mai tuwon Yendi da ludayinta. Suna dai ya riga ya fito, yana yawo yana neman wanda zai sauka a kansa, kuma a zango ba a taɓa mayar da suna inda ya fito ba.

Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi a gaban surukarsa ba.

"Jama'a, ku shaida. Mota ta Azara ce. Lamba kuwa tawa ce, ni na rubuta da hannuna, sunana ne." Maƙogwaronsa na son ya sa ƙugiya, gadon kakanni, ya danne shi da ƙyar. "Daga yau ni ne Alhaji Karuwa. Na ɗaya. Babu na biyu. Duk mai son kira ya kira, zan amsa. Ni zan tuƙa har a canza lamba, ita tana baya kamar matar minista."

"Alhaji wa?" in ji tsohuwar kan tabarma, hannu a kunne, don a tabbatar.

Ya maimaita, da ƙarfi.

Guɗar da aka yi ta fi ta isowarsu. Azara ta sunkuyar da kai cikin wuyan Firdaus, sai a lokacin dariyar ta zo mata, har da hawaye. Hajiya ta share ido da gefen mayafi, ta ce a sa akwatunan a but, kuma wani ya goge mata wannan saƙon daga duniya. Ba a goge ba. Fadlullah ya riga ya tura wa kansa tun a Gushegu.

Washegari da safe suka kamo hanya, lamba a wanke tas. A kowane gari masu babur suka sara, Mutala ya fito da kai ta taga yana nuna ƙirjinsa don kada a yi kuskuren mai suna. A Yendi ya tsaya musamman ya gabatar da kansa ga Mma Shakira, ta ƙara masa nama biyu.

Bayan wata biyu sabuwar lamba ta fito, FIRDAUS, bayan Fadlullah ya duba takardar harafi harafi ya sa hannu a matsayin shaida. Azara na tuƙa motarta zuwa awo, ana ce mata Maman Firdaus. Tsohuwar lambar kuwa tana rataye a rumfar doya a kasuwar Salaga, inda kowace safiya masu lodi ke ƙwala kira tun daga bakin titi.

"Alhaji Karuwa! Lorin Kumasi ta iso!"

"Na'am!" in ji shi. "Ga ni nan."